Jan Fenti A Bangon Talaka

Mu masu yawan karatun littattafan hikaya mun saba da wani irin gida. Marubuciya za ta share shafi uku tana siffanta mana shi, tun daga ƙofar maigadi har hawa na biyu, ga falo uku, ga fulawoyi, ga rumfar motoci. Amma har yau ban ci karo da littafin da aka nuna Alhajin nan zaune a benci, rungume da fayil, yana jiran a sa masa hannu a takardar izinin gini ba. Ban ga laifin marubutanmu ba kuwa, domin a zahiri ma da yawanmu ba mu san hanyar ofishin ba, sai ranar da muka wayi gari muka tarar an zizara wa katangarmu jan fenti, an rubuta a dakata da aiki.

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta, ni ina goyon bayan a nemi izini kafin a kafa harsashi. Duk wanda yake Kano a watan Agustan 2022 ya san abin da ya faru a Titin Beirut, inda bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufto a tsakiyar kasuwar waya, aka rasa rayuka. A daminar shekarar ce dai ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddodi masu ɗimbin yawa, aka dawo ana nuna yatsa ga shagunan da aka dasa a kan magudanan ruwa. Ga kuma Jos, inda a watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya danne yara suna cikin aji, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza. Rodin da ya kamata a sa guda shida aka sa huɗu, buhun simintin da aka tsinka aka buga bulo fiye da ƙima, waɗannan su ne abubuwan da aka ƙirƙiro izinin gini don a tare tun kafin a kai ga jana'iza.

Yadda abin yake a ƙa'ida, za ka je hukumar tsara birni ta jiharka. A Kano ita ce KNUPDA, wadda a da muka sani da KASEPPA, a Kaduna kuma KASUPDA. Za ka kai zanen gidan da ƙwararren mai zane ya fitar, in bene ne a haɗa da lissafin injiniya mai rajista wanda ya nuna girman pila da yawan rodi, sai taswirar filin, sai takardar da ta nuna filin naka ne. Za a turo ma'aikata su ga wurin, su duba ko ka bar tazara tsakaninka da titi da maƙwabta, ko ba ka hau hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Ka biya kuɗin hukuma, a buga wa zanen hatimi. A kan takarda dai babu abin ƙi.

To amma ka lura da sharaɗin nan na ƙarshe, wato takardar fili. A nan gizo ke saƙar. Tun 1978 Dokar Amfani da Filaye ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka a cikin birane, kuma ko sayar da filin mai shaida za ka yi sai da amincewarsa. Yanzu don Allah, malamin firamare ko ɗan adaidaita sahun da ya yi shekara bakwai yana zubin adashi har ya sayi rabin fuloti a bayan gari, wace takarda gare shi? Awon igiya ya saya. Mai gona ya kira dillalai sun yanka gonar gado, an rubuta takardar ciniki, shaidu sun sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, an ba da la'ada, an shafa fatiha. A wurinsa da wurin duk mutanen unguwa ciniki ya faɗa. A wurin hukuma kuwa filin ba ya cikin shimfiɗar da ta yi, saboda haka shi da izini sai dai kallo daga nesa. Ka zaga gefen birnin Kano ta ko'ina ka ga yawan unguwannin da suka tashi ta wannan hanya, za ka gane cewa ba 'yan tsiraru ake magana ba.

Sannan talaka ba ya gini yadda dokar take zato. Dokar tana hangen mutum mai kuɗi a hannu, wanda zai zana gida gaba ɗaya ya ba ɗan kwangila. Namu ginin kuwa na tururuwa ne. Bana a zagaye fili, baɗi a tayar da ciki da falo a kai linta, in an sayar da ɗan sa bayan salla a buga kwano, a tare ko filasta babu. In yara sun girma a fitar da shago a ƙofar gida, in hali ya ƙara samuwa a ce wa magini ya zuba dakin a ɗora wani ɗakin a sama, a kan fandishon da tun asali ba a haƙa shi don ɗaukar bene ba. Wannan matakin na ƙarshe shi ne mai kisa, kuma shi ne wanda babu idon injiniya a kansa, domin tun ranar farko an nuna wa mai gidan cewa ofishin ba nasa ba ne.

Abin da ya rage tsakaninsa da hukuma shi ne jan fenti. Kowa kuma ya san yadda ake wanye irin wannan a ƙasar nan: a ja ma'aikaci gefe, a yi ƙus-ƙus, a ba da na goro, gobe leburori su dawo bakin aiki. Gwamnati ba ta samu kuɗin shiga ba, ginin bai ƙara ƙwari ba, titin da aka ci bai dawo ba.

Su ma masu takardar ba su kwana da ido biyu rufe ba. Mun ga rusau ɗin Abuja zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007. Mun ga na Kano a watan Yunin 2023, 'yan kwanaki bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, lokacin da aka rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta raba filayen al'umma ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwar Filin Idi suka je kotu, ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba siyasar abin ce ta dame ni ba a yau. Abin da nake tambaya shi ne, idan hatimin da wannan gwamnati ta buga waccan za ta iya take shi da katafila, da wane baki za ka lallashi mai awon igiya ya kashe kuɗin buhunan siminti wajen neman hatimi?

Mu ma fa muna da namu. Mutum ya sayi ƙafa 50, sai ya gina 53, ya fito da dakali, ya haƙa sokawe a tsakiyar layi. Na kusa da shi ya ce ai ba a fi ni wayo ba. Kafin shekara goma layin da mota take shiga ya koma lungun da ko makara sai an karkata ta, balle motar kashe gobara. Wani kuma ya ɗaga bene ya buɗe taga tana kallon tsakar gidan maƙwabcinsa, matan mutane su kasa shan iska a gidansu, alhali haƙƙin maƙwabtaka ba sai hukuma ta koya mana ba.

Gyaran bai fi ƙarfin jihohi ba. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ke nan majalisar jiha tana iya buɗe wa ƙaramin mai gini ƙofarsa daban. Gidan ƙasa mai ɗaki biyu ko uku, a karɓi takardar cinikin da mai unguwa da dagaci suka tabbatar, a zo a auna a tsayar da iyakar titi da hanyar ruwa, a ba shi zaɓi cikin zanuka huɗu ko biyar da hukuma ta riga ta tanada, kuɗin a rubuce a bango kowa yana gani, a biya a banki, a kuma sa wa'adin da dole a ba shi amsa. Tsananin a ajiye shi ga bene, da makaranta, da rukunin shaguna, inda rayukan jama'a suke. Masu yanka gonaki kuma a tare su tun igiyar tana hannunsu, a sa su fitar da titi da filin makaranta da maƙabarta kafin su karɓi ko sisin wani. Ma'aikacin da ke yawo da gwangwanin fenti bayan gini ya kai linta, a ba shi tef ɗin awo a tura shi gonar ranar da dillalai suka kafa fegin farko.