Da Zafi-zafi Akan Bugi Ƙarfe: Wata Hanyar Yaƙar Ciwon Damuwa



Bari mu fara da wasa. Ka sa abokinka ya riƙa kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka riƙa haɗa kowace sabuwa da wadda ya kira kafin ita. Ya ce 3, ya ce 5, ka ce 8. Ya ce 2, ka ce 7, domin 5 da 2 za ka haɗa, ka manta da 8 ɗin da ka faɗa. In ya ƙara sauri, za ka ji kanka ya ɗau zafi. To, irin wannan atisayen masu bincike ke gwadawa a kan masu ciwon tsananin damuwa.

Wannan ciwo ya wuce ɓacin ran faɗuwa jarrabawa. Mutum yakan yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, abin da yake so ya fita ransa, barci da cin abinci su rikice, karatu ya ƙi shiga. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 280 ke fama da shi. Mai ciwon yakan yi ta saƙa mummunan tunani guda ya kasa fita daga cikinsa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke taimaka mana mu janye hankali daga wani tunani mu mai da shi kan wani, kuma a wajen masu ciwon da yawa aikinsa yakan yi rauni, musamman ta hagu.

Akwai hanyoyi biyu na zaburar da wannan sashe daga waje ba tare da tiyata ba. Ta farko da maganaɗisu ake yi, ana kiranta TMS. Anthony Barker da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta a birnin Shefil na Ingila a 1985, Amurka kuma ta amince da ita don maganin damuwa a 2008. Ta biyu ita ce tDCS, inda ake ɗora soso biyu masu jiƙe da ruwan gishiri a kai, a saki wuta ’yar mitsitsiya, kashi 1 zuwa 2 cikin dubu na amfiya da kuke karantawa a fiziks, na minti 20 zuwa 30.

Me ya sa ake haɗa ta da atisaye? Ku tuna maƙera. Wuta tana tausasa ƙarfe, guduma ce ke mai da shi fartanya. Haka tDCS take sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fi saurin amsawa, atisayen kuma ya sa waɗanda ake buƙata su yi aiki a daidai lokacin. Tun 1949 Donald Hebb na Kanada ya bayyana cewa ƙwayoyin da ke aiki tare, alaƙarsu takan ƙara ƙarfi.

A 2014 an wallafa ƙananan gwaje-gwaje biyu, ɗaya daga Melbon a Ostireliya, ɗaya daga Sawu Faulo a Barazil. Na Melbon ya nuna waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi daɗewa da sauƙi. Na Barazil bai ga babban bambanci ba. A 2022 wani gwaji mafi girma a Jamus ya haɗa tDCS da maganin tattaunawa, bai kuma sami ƙarin amfani ba. Saboda haka har yanzu haɗin yana matakin bincike. Kimiyya ba ta yanke hukunci da gwaji ɗaya.

Gargaɗi biyu. Kada kowa ya kuskura ya jona batir ko waya a kansa, domin zai iya ƙonewa ko ya jawo wa kansa illa. Sannan ciwon damuwa ba lalaci ba ne, kuma yana da magani tun yanzu: ƙwayoyin da likita ke rubutawa da zaman tattaunawa da ƙwararru. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. In ka ga alamun nan a jikinka ko a abokiyar karatunki, a faɗa wa iyaye ko malamin da aka yarda da shi. In tunanin cutar da kai ya shigo, a faɗa a ranar, kada a jira gobe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.