Babur Mai Ƙafa Uku, Babur Ne Har Yanzu

Ina so in ɗan yi magana a kan wani irin babur da ake yayi a Turai, watau mai ƙafa biyu a gaba da ɗaya a baya. Kada wani ya ɗauka Keke Napep nake nufi. Ita Keke Napep a tsaye ƙyam take shan kwana, shi ya sa in direba ya shiga kwana da gudu sai ƙafa ɗaya ta ɗaga, ta kife. Wannan kuwa karkatawa yake yi, kamar yadda kowane babur ke kwantawa a kwana.

Kamfanin Piaggio na Italiya, mai ƙera Vespa, shi ne ya fito da MP3 a cikin 2006. An haɗa ƙafafun gaban nan da waɗansu sanduna masu motsi, ta yadda in babur ya karkata sai su karkata tare, ko wacce tana manne da ƙasa. Yamaha ta biyo baya da Tricity a 2014, sa'an nan Niken a 2018. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, don tun 1982 Honda ta yi Gyro a Japan, sai dai nata ƙafa biyun a baya suke.

Amfaninsa a fili yake. Duk mahayi ya san ƙafar gaba ita ce abin tsoro. Ta baya in ta zame akan iya gyarawa, amma ta gaba in ta taka yashi ko baƙin mai, sai dai a ji mutum a ƙasa. To, in ƙafa biyu ne, ɗaya ta zame ɗaya na riƙe, birki kuma ya fi kamawa. Wannan na yarda da shi ƙwarai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake nuna wa mutane kamar ba ya faɗuwa. Alhali kuwa yana faɗuwa! MP3 yana da maɓallin da ke kulle karkatar, amma sai an zo tsayawa yake aiki. Niken ma ba shi da wannan makulli, in mahayi bai sauke ƙafa ba sai ya kwanta da shi, ga shi nauyinsa ya wuce kilo 260. Duk da haka, da aka ƙara tazarar ƙafafun MP3 kaɗan, sai ya fita daga dokar babur, har a Faransa mai lasin mota yana iya hawansa bayan horon awa 7 kacal. Haba jama'a! Mutumin da ya saba da sitiyari, yaushe zai koyi kwantar da jiki a kwana cikin yini guda?

A ganina, ko ina irin wannan babur ya shiga, kada a ba kowa izinin hawansa sai ya ci jarrabawar lasin babur sosai, kuma ya sa hular kwano kamar kowane mahayi.