Linzamin Sauti Ya Koma Ƙafar Makaɗi

Mai kalangu ba ya dakatar da kiɗi don ya sauya muryar gangarsa. Hannu na kaɗawa, hammata na matse tsarkiya, murya ta hau ko ta sauka nan take. Wannan sauƙi da kalangu ya gada tun kaka da kakanni, shi ne masu ƙera na'urorin kiɗa na zamani suka shafe shekaru suna fafutukar samu.

A da, mai kaɗa jita yakan jera akwatunan ƙarfe a gabansa, kowanne da aikinsa: wannan ya sa amsa-kuwwa, wancan ya kausasa sauti, kamar Maestro Fuzz-Tone wanda kamfanin Gibson na Amurka ya fitar a 1962. Da aka kai 1996 sai kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, watau aka mayar da akwatunan nan manhaja a cikin kwamfuta. Kaya ya yi sauƙi, kuɗi ya ragu. To, amma kwamfuta tana bukatar ido da hannu, alhali kuwa hannuwan makaɗi duka biyu suna kan kayan kiɗansa. Wa zai saki jita a tsakiyar waƙa ya kama linzamin kwamfuta?

Maganin abin ya riga matsalar zuwa. Tun a 1983 Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland na Japan, suka jagoranci fito da MIDI, harshen da na'urorin kiɗa ke magana da juna. Shi MIDI umarni kawai yake ɗauka, ta hanyoyi 16, kuma kowane maɓallin murɗawa yana aika lamba daga 0 zuwa 127. Makaɗi ya taka feda, lamba ta tafi, manhaja ta ƙara amsa-kuwwa gwargwadon takun. Sa'an nan kwamfuta kanta ta ƙanƙance. Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, ta fito a 2012, kuma a 2014 wani kamfani ya nemi gudummawar jama'a don ƙera MOD Duo, ɗan akwatin takawa mai ɗauke da manhajojin sauti a cikinsa.

Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba, watau jinkiri. Na'ura takan tara sauti ɗan gutsure kafin ta sarrafa shi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka jinkirin kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa daidai yake da tsayawa mita uku da ɗoriya daga lasifika. In ya zarce haka da yawa, kunne da yatsa sun raba gari, kiɗa ya lalace. In kuwa aka rage gutsuren fiye da ƙarfin ƙaramar na'ura, sai ta sarƙe, sauti ya riƙa tsinkewa a gaban jama'a.

Batun nan ya shafi mawaƙanmu. Manhajar Auto-Tune, wadda Andy Hildebrand ya fitar a 1997, ta zauna daram a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna, har Mdou Moctar na Nijar ya zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko da irin wannan murya. Amma sau da yawa linzamin yana hannun mai sutudiyo. Shi ya sa in an gayyaci mawaƙi biki, sai a kunna waƙar da aka riga aka ɗauka, shi kuwa yana motsa baki.

Mawaƙin da ke son ya tsaya da muryarsa a dandali, lalle ne ya koyi ɗaura feda da manhaja da kansa, ya zaɓi abubuwa biyu ko uku da zai riƙa juyawa, ya gwada jinkirin na'urarsa a gida, ya kuma tanadi batir saboda ɗaukewar wuta. Masu biki sun biya ne su ji shi da ransa, kuma haƙƙinsu ne su ji.