KO CIN WASA NA RUFE BAKIN ƊAN KALLO?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa duk daren da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta buga wasa, busar ƙarshe ta alƙali ba ita ke kawo ƙarshen wasan ba. Da zarar an watse daga gidajen kallo, sai a buɗe wani sabon fage a teburin mai shayi da majalisun ƙofar gida da ɗakunan kwanan ɗalibai, inda kowa zai rikiɗe ya zama mai horarwa, ya jera 'yan wasa yadda ransa ke so, ya cire wannan ya sako wancan. Idan kashi aka sha, wannan ba abin mamaki ba ne, domin ɓacin rai kan ƙara wa harshe kaifi. Abin da ke ɗaure wa wasu kai shi ne yadda akan ci gaba da sukar mai horarwa ko da nasara aka yi. A irin wannan lokaci ne akan ji wani ya daka wa mai suka tsawa, ya tambaye shi me kuma yake nema bayan an ci wasa.

Wannan maƙala tana bayan mai sukar, amma bisa sharaɗi. Ra'ayinta shi ne cin wasa ba ya wanke dabarar mai horarwa, kuma babu ranar da ta fi dacewa a yi wa dabarar tankaɗe da rairaya irin ranar nasara. Za a kafa hujja da gasar cin kofin ƙasashen Afirka da aka yi a Kwaddibuwa daga ranar 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu, 2024, lokacin da José Peseiro, ɗan ƙasar Fotugal, yake horar da ƙungiyar Super Eagles.

Yadda Gasar Ta Gudana

Nijeriya ta shiga gasar ba tare da jama'a sun sa rai da ita sosai ba. A watan Nuwamba na 2023 ta yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da Lesoto a garin Uyo, ta sake yin haka da Zimbabuwe, duka a wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya. Bugu da ƙari, rauni ya hana Wilfred Ndidi da Victor Boniface zuwa gasar. Wasan farko da Ikwatoriyal Gini shi ma ɗaya da ɗaya aka tashi.

Daga nan ne Peseiro ya sauya tsari. Ya ajiye 'yan baya uku, watau Semi Ajayi da William Troost-Ekong da Calvin Bassey, ya sa Ola Aina da Zaidu Sanusi a gefe biyu suna hawa suna sauka, ya bar Frank Onyeka da Alex Iwobi su kaɗai a tsakiya, sa'an nan Moses Simon da Ademola Lookman da Victor Osimhen a gaba. Raga kuwa tun farkon gasar ya damƙa ta ga Stanley Nwabali, wanda mafi yawan 'yan kallo ba su san shi ba kafin lokacin. Da wannan tsari Nijeriya ta doke mai masauki Kwaddibuwa da ci ɗaya da nema, ta doke Gini Bisau ɗaya da nema, ta doke Kamaru biyu da nema, ta doke Angola ɗaya da nema. Wasa huɗu ke nan a jere ba a taɓa ragarta ba. A wasan kusa da na ƙarshe ta yi ɗaya da ɗaya da Afirka ta Kudu, ta fitar da ita da ci huɗu da biyu a bugun fenariti. A wasan ƙarshe a Abidjan, Troost-Ekong ya fara ci da ka kafin hutun rabin lokaci, amma Franck Kessié ya rama, Sébastien Haller ya ƙara, kofi ya tsaya a gidan mai masauki.

Ɓangarori Biyu

Tun ana cikin jerin nasarorin 'yan kallo suka rabu biyu. Ɓangare na farko na ganin iya ruwa fid da kai. A wurinsu gasa ta wasa bakwai ba wurin nuna ƙwalisa ba ce, wanda ya tsare gidansa shi ke kai wa ƙarshe, kuma tun da dabarar koci tana haifar da ɗa mai ido, duk mai ƙorafi ɗan hana ruwa gudu ne. Ɓangare na biyu kuwa na ganin cewa ƙasar da ke da Osimhen, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, bai kamata ta riƙa noƙewa a baya tana jiran abokin karawa ya yi kuskure ba. Suna kukan cewa an bar Osimhen shi kaɗai yana kokawa da 'yan baya, an kuma ɗora wa mutum biyu aikin mutum uku a tsakiyar fili.

Kuskuren ɓangare na farko shi ne ɗaukar sakamako a matsayin hujja. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, saboda haka sa'a tana da rabo babba a cikinsa. A wasan da ake tashi ɗaya da nema, tazarar da ke tsakanin murna da kuka ba ta wuce faɗin turken raga ba. Alal misali, a wasan Angola wani ɗan wasansu ya buga ƙwallo ta wuce Nwabali ta daki turke ta dawo. Da ta karkata da ɗan yatsa ɗaya, da labari ya sha bamban, alhali kuwa tsarin da Peseiro ya shimfiɗa bai canja ba ko kaɗan. To, ta yaya dabara guda za ta zama hikima idan ƙwallo ta daki turke, ta zama wauta idan ta shiga? Ita kanta Kwaddibuwa da ta ɗauki kofin abin lura ce. Ikwatoriyal Gini ta lallasa ta da ci huɗu da nema, aka sallami mai horar da ita, Jean-Louis Gasset, ana tsakiyar gasa, kuma ba ta tsallake zagayen farko ba sai da Maroko ta doke Zambiya a wani rukuni dabam. Masu iya magana sun ce sa'a ta fi sammako, amma ba su ce a dogara da ita ba.

Inda Masu Suka Suka Yi Gaskiya

Idan aka bi ƙwallayen da Nijeriya ta ci ɗaya bayan ɗaya, za a ga kukan masu suka yana da tushe. A wasa bakwai ƙwallo takwas ta ci. Biyu daga ciki bugun fenariti ne, ɗaya kuma ɗan Gini Bisau ne ya ci gidansu da kansa. Troost-Ekong, wanda ɗan baya ne, ya ci uku, Osimhen kuwa ɗaya tak ya ci a duk gasar. Ba ragwanci ne ya jawo masa haka ba, domin shi aka kayar aka sami fenariti biyun nan, shi ne kuma ya ƙwace ƙwallo daga ɗan bayan Kamaru ya miƙa wa Lookman ya ci ta farko. Abin da lissafin ke nunawa shi ne ƙungiyar ba ta da wata tsayayyiyar hanya ta kai ƙwallo daga tsakiya zuwa gaba, sai dai dogon bugu da gudu da jiran kuskure.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. Wasan Afirka ta Kudu a garin Buwake ya fito da raunin fili. Abokan karawar sun riƙe ƙwallo a kashin farko, suka riƙa ratsa tsakiya, Nwabali ya yi ta kai ɗauki. Ana dab da tashi Osimhen ya jefa ta biyu a raga, jama'a suka fara rawa, sai na'urar da ke taimaka wa alƙali ta nuna cewa tun a farkon harin Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a da'irar gidan Nijeriya. Aka soke cin, aka ba Afirka ta Kudu fenariti ta rama, har ma ta kusa ƙara ta biyu kafin a busa. Nwabali ne ya tare bugu biyu ya fitar da ƙasa kunya. A daren nan murna ta rufe komai, duk wanda ya ce da sauran gyara ba a saurare shi ba. Bayan kwana huɗu Kwaddibuwa ta bi ta waɗannan kafofi, ta mamaye tsakiya, Simon Adingra ya addabi gefen dama na Nijeriya, shi ne kuma ya bayar da ƙwallaye biyun da aka ci.

Inda Suka Kuskure

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Peseiro ya ga ƙungiyar da Lesoto da Zimbabuwe suka iya zura wa ƙwallo, ya ga babu Ndidi mai share tsakiya, sai ya toshe ɓarakar da abin da ke hannunsa. Ƙwallo huɗu kacal aka ci Nijeriya a wasa bakwai, aka kuma zaɓi Troost-Ekong gwarzon gasar. Duk mai cewa tun farko ajiye 'yan baya uku kuskure ne, to, bai yi wa lissafi adalci ba. Abin da za a iya kama mai horarwar da shi shi ne rashin tanadin dabara ta biyu domin ranar da aka gano ta farko.

Har wa yau, ɗan kallo yana da wata cuta, ita ce son suna. Wasu magoya baya, musamman a Arewa, sun ji zafin yadda aka kammala gasar ba a sako Ahmed Musa ba ko na minti ɗaya, ga shi kuwa shi ne kyaftin, shi ne kuma ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Ƙaunar tana da dalili, amma tarihi ba ya gudu a fili, kuma mai horarwa ne ke ganin atisaye kullum, ɗan kallo kuwa minti 90 kawai yake gani. Abin da ya faru a 2013 ya isa darasi. Stephen Keshi ya bar sanannun 'yan wasa irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya tafi Afirka ta Kudu da wasu masu buga wasa a ƙungiyoyin cikin gida. Aka yi masa ca, musamman da ya fara da kunnen doki biyu, da Burkina Faso da Zambiya. Ƙarshenta ɗaya daga cikin 'yan gidan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ya kuma ci wadda ta ba Nijeriya kofin, bayan shekara 19 tana nema.

Amfanin Suka a Ranar Nasara

To, tun da ɗan kallo yakan yi daidai, yakan kuma kuskure, me ya sa aka ce ranar nasara ce ranar maganarsa? Dalili shi ne a ranar zuciya tana kwance, ana iya duban tsari a bar mutum. Wanda ya yi suka bayan an ci wasa ba fansa yake nema ba, gyara yake so, kuma akwai sauran lokacin yin gyaran. Sukar da ta biyo bayan faɗuwa kuwa ihu ce bayan hari, kuma sau da yawa ba ta tsayawa a kan dabara, sai ta nemi wuyan da za ta rataya laifi.

Abin da ya sami Alex Iwobi ya tabbatar da haka. Aikin da ya yi a wasan ƙarshe shi ne aikin da aka ɗora masa tun wasa na biyu, watau ya dawo baya ya taya tsaro, ya rage kutsawa gaba kamar yadda ya saba. Muddin ana ci ba a ce uffan ba. Da aka faɗi sai aka yi masa rubdugu da zagi a intanet, har ya kwashe hotunansa daga Instagram, har sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Da an bar masu ƙorafi sun yi maganarsu cikin natsuwa tun bayan wasan Angola, da mutane sun fahimci cewa matsalar ta tsari ce, ba ta mutum ɗaya ba. Maganar da aka danne ranar murna ita ce ke fashewa da ashar ranar baƙin ciki.

Wannan ɗabi'a ta auna komai da sakamakon jiya ba ta tsaya ga 'yan kallo ba, takan kai ga masu ɗauka da sallamar masu horarwa. Peseiro ya tafi bayan kwantiraginsa ya ƙare, makonni kaɗan da gama gasar. Finidi George da ya gaje shi a watan Afrilu na 2024 bai wuce watan Yuni ba, bayan kunnen doki da Afirka ta Kudu da shan kashi a hannun Jamhuriyar Benin. Ƙungiyar da ke sauya mai horarwa a kan wasa biyu ba za ta taɓa samun tsarin da za a san ta da shi ba.

Kammalawa

Saboda haka ya kamata a bar ɗan kallo ya yi magana bayan nasara, shi kuma ya kiyaye abu uku. Na farko, ya auna shawarar mai horarwa da abin da aka sani a lokacin da aka yanke ta, ba da abin da ya bayyana daga baya ba. Na biyu, in ya ce a cire wane, ya faɗi wanda za a sako da ramin da cirewar za ta bari. Na uku, ya tsaya a kan dabara, ya bar mutuncin ɗan wasa da na iyayensa. Shi kuma mai murna ya daina ɗaukar mai ƙorafi a matsayin maƙiyin ƙasa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa a gane.