Danjar Tsohuwar Mota Haƙƙin Na Baya Ce

Duk wanda ya taɓa barin Ikko ko Badun ko Fatakwal da asubahin fari da niyyar kwana a Kafanchan ya san cewa dare ne ke tarbarsa a ƙarshen tafiya. Ko ta Keffi da Kwoi ya biyo, ko kuwa ta Akwanga da Gwantu da Gidan Waya, ba zai shiga ƙasar Jama'a ba sai duhu ya rufa. A daidai wannan lokaci, sa'ad da direba ya gaji fasinjoji kuma suna gyangyaɗi, akan tarar da wani abu baƙi ƙirin a tsakiyar titi, wanda ba a gane ko mene ne sai an zo dab da shi. Ashe tsohuwar akori-kura ce ta ɗauko buhunan citta, tana jan ciki a kan hawa, bayanta babu ko ƙyallin wuta. Wani direban Allah kan kiyaye ya kauce. Wani kuwa sai dai a aika wa danginsa na Kudu da labari.

Ba za a ce a kori waɗannan motoci daga hanya ba, gama da tsohuwar zuma ake magani. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun cikin 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, amma da zirga-zirgar jirgi ta ja baya, sai kaya da mutane suka koma kan titi. Wanda ya ɗauki kaso mai yawa na wannan nauyi a ƙauyuka shi ne Fijo. An buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna cikin 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma samfurin 504 da ya fito a Faransa a 1968 an ci gaba da haɗa shi a nan har wajen 2006, bayan Turawan da suka ƙera shi sun daɗe da barinsa. Abin da a Turai ya zama kayan tarihi, ana goge shi ana kai shi wurin nuni, a Kudancin Kaduna shi ke fitar da citta da doya da masara daga gona zuwa kasuwannin Kwoi da Kubacha da Kachia da Zonkwa. Manomin da annobar ruɓewar citta ta 2023 ta karya wa jari ba shi da halin sayen sabuwar mota. Tilas tsohuwar ta ci gaba da aiki, to amma tilas ne kuma a riƙa ganinta da dare.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, motar tana nan yadda aka ƙera ta, hanyar ce ta sake. An yi fitilunta ne don zamanin da motoci ba su da yawa. Yau kuwa bas ɗin da ke bayanta tana iya tafiyar kilomita 100 a awa guda, watau tana cinye kusan mita 28 a kowane sakan. Idan direba ya rage hasken fitilarsa saboda motar da ke tahowa, ba ya cika ganin baƙin abu a nesan da ya wuce mita 50 zuwa 60. In akori-kurar tana tafiyar kilomita 30, abin da ya rage masa kafin ya cim mata bai wuce sakan uku ba. In kuwa a tsaye take ta lalace, sakan biyu ke nan, alhali kuwa motar da ke wannan gudu ba ta tsayawa cikin mita 60 ko da burkinta sabo ne. A ƙara da ruwan damina na yankin, da hazon da kan sauka a gindin duwatsun Kagoro, da ƙurar hunturu. Jar fitila mai kyau ana hango ta daga nesa ƙwarai, ita ce ke mai da sakan biyun nan su zama goma ko fiye.

Fitilar gaba ta mai mota ce, shi ya sa da zarar ta mutu yake garzayawa wurin mai wayarin. Danja da sigina kuwa bai taɓa ganinsu suna ci ba, domin yana zaune a gaba, saboda haka sai su shekara a mace bai damu ba. Amfaninsu na wanda ke biye da shi ne, kuma wanda ke biye da shi a daren jajibirin Salla ko na Kirsimeti, ko ranar da ake tururuwa zuwa bikin Afan na Kagoro da ake yi ran 1 ga Janairu, ba wani ba ne illa ɗan garin da ke dawowa daga Agege ko Sabon Shagamu da tsarabar shekara.

Ciwon fitilun tsohuwar mota sananne ne, maganinsa kuma ba mai tsada ba ne. Da farko rana takan cinye jan murfin har ya koɗe ya koma fari-fari, ruwa ya shiga ta tsaguwa ya ɓata abin ƙyallin da ke bayan ƙwai. Na biyu, a irin waɗannan motoci wuta tana komawa batir ne ta jikin ƙarfen motar, to idan tsatsa ta ci wurin da fitila ta manne, sai wutar ta nemi wata hanya. Shi ya sa akan ga direba ya taka burki sigina ta kama, ko ya sa sigina danja ta riƙa ƙiftawa tare da ita, na baya ya rasa abin da ake nufi. Maganin wannan shi ne a kankare tsatsar, a ja sabuwar waya daga kowace fitila zuwa wuri mai tsabta a jikin shasi. Na uku, akwai ɗan makunni a wajen abin taka burki wanda ke kunna danja, in ya mutu ko an sa sabon ƙwai ba zai ci ba. Ƙwan baya kuma zare biyu gare shi, mai wat 5 na tafiyar dare da mai wat 21 na burki, kuma wajibi ne bambancin haskensu ya fito sarai.

Bayan gyara sai ƙari, gama zamani ya kawo abubuwan da maƙeran motar ba su da su. Ƙwan LED yana kamawa nan take, alhali mai zare sai ya yi zafi tukuna. Tazarar kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan ce, wadda ga mai gudun kilomita 100 ta kai mita biyar da ɗoriya, watau tsawon mota guda. Ba ya kuma cin wuta da yawa, abin da tsohon batir ke bukata ke nan. Sai dai a kula da abu biyu. Falashar da ke sa sigina ƙiftawa a tsofaffin motoci da nauyin wutar ƙwai take aiki, saboda haka idan aka sa LED sai ƙiftawar ta rikice ko ta tsaya cik, dole a sauya ta da ta zamani, yadda siginar za ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. Sa'an nan launi ya zama na ƙa'ida, ja ga danja, ruwan lemo ga sigina. Farin ƙwai a bayan koɗaɗɗen murfi yakan sa na baya ya zaci babur ne ke tahowa. Shuɗi da kore masu walƙiya da samari ke liƙawa don ado kuwa ruɗa ido kawai suke yi.

Akwai kuma danja ta uku wadda ake ɗorawa a sama. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci tun daga samfurin 1986, daga baya hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta gano cewa ta rage karon baya da kimanin kashi 4 cikin 100. Adadin ba shi da yawa a ido, amma ga akori-kurar da buhuna da tamfol kan rufe fitilunta na ƙasa, fitilar da aka ɗaure a saman ƙarfen bodi ita kaɗai za a gani. Mafi arha duka shi ne tef mai ƙyalli, ja da fari, wanda ba ya bukatar batir ko waya. Binciken da hukumar nan ta fitar a 2001 ya nuna ya rage afka wa tireloli ta baya da ta gefe cikin duhu da kashi 29 cikin 100. Motar da ta mutu a hanya, batirinta ya sauka, tef ɗin nan da jar alwatika mai ƙyalli ne kaɗai za su yi mata magana. Ganyen da yaron mota ke karyowa yana jerawa a titi da rana yake aiki, da dare shi da kwalta duk launinsu ɗaya.

Wani zai ce mai motar da ke fama da kuɗin mai ina ya ga na fitila. Amsa ita ce duk abin da aka lissafa bai kai kuɗin sabuwar taya guda ba, balle a gwada shi da kuɗin asibiti. Wani kuma, mai ƙaunar motar da ya gada daga mahaifinsa, zai ce ba ya so a ɓata mata kamanninta na asali. Wannan ma yana da mafita, domin ƙwai da waya da falasha duk a ɓoye suke, murfin asali yana nan a wurinsa.

A nan ne maganar ta zo kan mazauna Kudu. Su ne ke maƙwabtaka da Ladipo a Ikko, da Agodi Gate a Badun, da Nkpor kusa da Anacha, inda kayan gyaran mota suka fi yawa. Su ne kuma ake bugo wa waya in injin motar gida ya buga, su aika da kuɗi ba tare da sun tambayi halin da bayanta ke ciki ba. Ya kamata duk mai aika kuɗin gyara ya haɗa da murfi biyu da ƙwayaye da falasha da naɗin tef, ya kuma guji na jabu, gama arha ba ta ado. In ya je gida ya sa direba ya taka burki da magariba, shi kuwa ya koma baya taki hamsin ya duba da idonsa. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da ke tara kuɗin gina ɗakin taro za su iya ware kaɗan su raba tef a tashoshin Kafanchan da Zonkwa da Kwoi kafin watan Disamba.

Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW su ma suna da ikon da ya fi na kowa, domin motar da suka hana lodi ba ta tashi. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, da KASTLEA ta Jihar Kaduna, za su fi samun haɗin kan jama'a idan suka sa gyara a gaban tara, a tsai da mota a kira mai wayarin, ba za ta wuce ba sai danjarta ta kama. Tara takan tafi asusu ta bar motar cikin duhunta.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya gyara danjar motar gidansu a Fadan Kagoma bai san ko wace bas ce za ta biyo bayanta a daren dawowa ba, wataƙila ma wadda shi da iyalinsa ke ciki ce. Allah Ya kai kowa gida lafiya.