An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kundin Digiri a Sashen Kimiyyar Halittu

A bara ɗiyar yayata, wadda ke ajin ƙarshe a sashen kimiyyar halittu na wata jami'a, ta kawo mini kundinta in duba mata. Sau uku malamin da ke duba aikinta ya dawo mata da shi. Karon farko, tazarar gefen hagu ba ta kai yadda sashe ya ƙayyade ba. Karo na biyu, lambobin shafukan farko ba na Rumawa ba ne. Na uku kuwa, ta sa waƙafi inda tsarin APA ya ce a sa aya.

Sai na buɗe babi na uku, inda ake bayanin yadda aka gudanar da gwaji. Ta jiƙa ganyen darbejiya a cikin itanol, ta ɗiga ruwan a farantin da ta shuka ƙwayoyin *Staphylococcus aureus*, ta auna da'irar da ƙwayoyin suka kasa tsirowa, ta samu milimita 14. Faranti ɗaya, awo ɗaya. Daga nan ta yanke hukunci cewa darbejiya tana kashe ƙwayar cutar. Jan biro bai taɓa wannan shafin ba.

Ba na adawa da tsari. Ƙorafina shi ne mun riƙe tsarin mai buga takarda da hannu biyu, mun saki na kimiyya, alhali kowace ƙa'ida a cikin na kimiyyar tana da dalilinta.

Mu fara da suna. Itaciyar da ta yi aiki da ita, wasu Hausawa na ce mata darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina. Mai karatu a Indiya bai san ko ɗaya ba, amma ya san *Azadirachta indica*. Tun da Carl Linnaeus ya wallafa *Species Plantarum* a 1753 ake bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu, ta farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, a karkataccen rubutu. Sunan ma yana neman shaida. Shi ya sa ake kai samfurin tsiron ma'ajiyar busassun tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, masani ya tantance shi, a ba shi lamba, a rubuta lambar a kundi. In babu ita, wa zai tabbatar da ganyen da ɗalibi ya tsinko?

Sai hanyar gwajin. Awon da'irar nan yana da ƙa'idojin da Bauer da Kirby da abokan aikinsu suka daidaita a 1966. Ana shuka ƙwayoyin a kan abincin Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4, a daidaita yawansu da ma'aunin McFarland na 0.5, a ajiye farantin cikin ɗumin digiri 35 na tsawon awa 16 zuwa 18. Idan abincin ya yi kauri, ko ƙwayoyin suka yi yawa, da'irar za ta ƙanƙance ko da maganin bai canja ba. Saboda haka milimita 14 ba ta gaya mana komai sai an faɗi yanayin da aka same ta. Ga kuma batun itanol: shi kansa yana kashe ƙwayoyin cuta, don haka ne ake sa shi a man tsabtace hannu. Dole ne a ɗiga shi shi kaɗai a gefe guda, a ɗiga sanannen magani kamar siprofloksasin a wani gefen, sannan a san rabon darbejiya a cikin sakamakon.

Maimaita gwaji ma haka. A 1984 Stuart Hurlbert ya nuna yadda masana da dama ke yaudarar kansu da maimaici na bogi. Wanda ya shuka masara goma a tukunya ɗaya mai taki, da wasu goma a tukunya ɗaya marar taki, tukwane biyu ya kwatanta. Ba mamaki hasken da ke wajen taga ne ya raba su.

Ga wanda yake ganin duk wannan ya fi ƙarfin ɗalibin digirin farko, ya tuna Gregor Mendel, wanda lambu da haƙuri ne jarinsa. A rahotonsa na 1866 kan wani nau'in wake na ƙasar Turai, ya rubuta ainihin abin da ya ƙirga: ƙwaya 5,474 masu sumul, 1,850 yamutsattsu. Bayan shekara 70, a 1936, Ronald Fisher ya ɗauki alƙaluman ya sake lissafi, ya ce sun dace da hasashe fiye da kima, har yau ana muhawara a kai. Da Mendel ya tsaya ga faɗin kashi cikin ɗari kawai, da babu wanda zai iya bin sawunsa. Kundi nawa ne a ɗakunan karatunmu ke ɗauke da ainihin awon ɗalibi a rataye?

Na san abin da malamai za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗalibai sun yi yawa, kayan gwaji sun yi tsada, malami ɗaya kan riƙe kundaye masu yawa a zango guda. Duba tazara minti ɗaya ne, duba dabarar gwaji kuwa sai an zauna. Sai dai wannan hujjar ce ma ke nuna mafita. Sashe ya tsara samfurin shafi a kwamfuta sau ɗaya, ya raba wa kowa, zancen tazara da Times New Roman ya ƙare. Lokacin da aka ceto a kashe shi tun kafin ɗalibi ya taɓa faranti: ya zo da shafi biyu, ya faɗi tambayarsa, da abin da zai kwatanta da shi, da sau nawa zai maimaita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuɗin faranti tara kawai yake da shi, gara tsiro ɗaya da aka gwada sau uku da cikakken kwatanci a kan tsirrai tara da aka taɓa sau ɗaya-ɗaya. Kuma a daina rage wa ɗalibi maki don ganyensa bai kashe komai ba, domin tsoron haka ne ke koya wa yara gyaran alƙaluma.

Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zauna a ɗakunan gwajin asibiti, su koyar a sakandare, su auna ruwan da muke sha. Wanda aka yaye a kan cewa awo ɗaya ya isa hujja, da wannan aƙidar zai duba jinin ɗanka.

Ɗiyar tawa ta gyara waƙafinta, an ɗaure kundin da bango mai rubutun ruwan zinare, ta samu sakamako mai kyau. Har yau ba ta san ko darbejiya ce ta kashe ƙwayoyin nan ko itanol ba.