Ƙa'idojin Rubutu da Daidaita Lissafin Sinadarai

Malamin Hausa da ya san cewa lanƙwasa ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi" ya riga ya riƙe mabuɗin wani darasi da ke wahalar da ɗaliban sakandare, wato rubuta alamomin sinadarai daidai. Tsarin da Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, ya shimfiɗa a wajajen 1813 shi ma yana da ƙa'idojin rubutunsa. Alal misali, Co ƙarfen kobal ne, amma CO iska ce mai guba, irin wadda ke fita daga janareta ta halaka masu barci a rufaffen ɗaki. Bambancin bai wuce na babban harafi da ƙarami ba.

Haka lamarin yake wajen daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Idan aka rubuta H₂ + O₂ → H₂O, ƙwayoyin oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Ɗalibin da ya haddace ba tare da fahimta ba yakan liƙa 2 a ƙasan O, ya samu H₂O₂. Adadin ya daidaita, amma ruwan sha ya rikiɗe ya zama sinadarin wanke rauni. Sahihiyar hanya ita ce a bar ƙananan lambobin ƙasa yadda suke, domin su ne sunan abin, a sauya lambobin gaba kawai: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Dalili kuwa shi ne ƙa'idar da Lavoisier na Faransa ya bayyana a 1789, cewa a wurin haɗuwar sinadarai babu abin da ke ɓacewa, babu kuma wanda ke samuwa daga babu.

Wasu na ganin wannan hurumin malamin kimiyya ne kaɗai. Sai dai kuskuren ɗalibi ya fi samo asali daga sakaci da rubutu da kuma rashin fahimtar bayanin da aka yi masa cikin Ingilishi. Saboda haka, ya dace a bar alamomin yadda duniya ta amince da su, amma a fayyace dalilinsu da harshen da yaro ke tunani da shi.

Wajibi ne malamin gobe ya daina ɗaukar gyaran lanƙwasa da manyan haruffa a matsayin ƙaramin aiki. Yaron da aka horar ya kiyaye su a ajin Hausa da wuya ya rubuta guba a gurbin ƙarfe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.